Tafasasshen Ruwan Goggo

4 ga Maris

Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da ma'aikatan da kike dafa wa abinci a can wurin ginin madatsar ruwa. Mu nan lafiya lau. Matata ta rabu da murar da ta dame ta. Gwiwar Goggo, mahaifiyarki, tana nan yadda kika bar ta: in an tambaye ta ta ce ba komai, in za ta tashi sai ta dafa tebur. Direban motar kayanku ya ce sati biyu-biyu yake zuwa, kuma waya ba ta kamawa a wurinku, don haka na koma wa biro da takarda. Ban ji haushin hakan ba, kin san hali.

Ga abin da ya sa na rubuto. Babban bututun da ke ƙarƙashin layin gidan abincinki ya toshe karo na uku. Na duba littafina: 11 ga Oktoba, 2 ga Janairu, sai kuma satin da ya wuce. Wannan karon ruwan ƙazanta ya ɓullo ta daɓen shagon telan nan na gangaren layi, har ya kai masa idon sawu. Masu yasarmu sun yi yini biyu suna fama. Abin da suka ciro ba leda ba ce, ba yashi ba ne. Maiƙo ne, ya daskare ya yi fari kamar sabulun wanki, sai da aka sa diga aka farfasa shi. Dogo, shugaban masu yasar, ya ɗago wani curi ya ce in kai wa matata tsaraba. Ban samu damar dariya ba, wari ya hana ni buɗe baki.

Kin tuna dokar bara, wadda ta sa kika sa akwatin ƙarfen nan a bayan kicin ɗinki. Aikinsa ɗaya ne: ruwan wanke-wanke ya shiga, ya ɗan tsaya ya huce, maiƙon ya taso sama ya maƙale, ruwan ya wuce ta ƙasa. Ni nake zagawa duk wata in buɗe, in duba, in sa hannu. To maigidanmu na ofis ya ba ni zuwa ƙarshen Afrilu in kawo masa sunan wanda maiƙon nan ke fitowa daga wurinsa. Duk wanda na rubuta, za a garƙame masa ƙofa a liƙa takarda.

Masu girki uku ne a layin: ke, mai shayi, da mai soya kifi. Mai shayi ƙwai kawai yake soyawa, kaskonsa bai fi tafin hannu ba. Akwatinki kuwa wata goma ke nan ina buɗe shi, tas nake samun sa, har mutum yana ganin fuskarsa a ruwan. Duk zagayena ba mai kamarsa. Don haka ido ya koma kan mai kifi.

Sai dai wani abu yana min kai-kawo a zuciya. Wurin da ake suyar kaza da dankali tun safe har la'asar, a wanke tukwane sun fi goma, ina maiƙon yake tafiya? Mai yiwuwa ni ne da neman aibu a inda babu shi. Na tambayi Goggo, tunda ita ke riƙe miki wurin, ta ce in zauna in ci abinci, na rame. Na sake tambaya, ta ƙaro min nama.

Ki faɗa min yadda kuke yi da tsohon mai, da yadda ake wanke-wanken, tun daga farko har ƙarshe. Kada ki tsallake komai don kina ganin ƙarami ne.

Naki,
Akawu, tunda sunan da kuka laƙaba min ke nan

18 ga Maris

Yaya Akawu,

Na amsa sallamarka, na gode. Ina lafiya, sai hayaƙi, da mutum ɗari biyu masu ci kamar farin ɗango. Ka gaida matarka. Ka ce wa Inna maganin gwiwa shafawa ake yi, ba a kan firji ake ajiye shi yana kallon mutum ba.

Shafi uku ka cika don ka faɗa min akwatina ya fi na kowa tsabta. To na ji, na gode. Na karanta wa matan da muke aiki tare wurin nan da ka ce ana ganin fuska a ruwan, har da masu tafa min. Sauran zancen kuwa wasu-wasinka ne da muka sani tun kana zaune a gidanmu kana sakandare, ka kulle ƙofa ka dawo sau uku kana taɓa kwaɗo. Shekara arba'in ba ta raba ka da shi ba.

Tsohon mai a jarka muke tara shi, wata mai haɗa sabulu ta zo ta kwashe. Ko ɗigo ba ma zubawa a magudana. Wanke-wanke kuwa mulkin Inna ne, ni ban isa in sa baki ba. Na haɗo mata 'yar takarda tare da wannan, na ce ofishinku ya yaba mata, ta ƙara himma.

Ka je wa mai kifin nan. Mutumin da rigarsa kaɗai in aka matse za a cika kwalba, me ya rage ka bincika? Kada kunya ta riƙe ka.

Kuma ka daina haɗa sunan wurina da kalmar rufewa a takarda ɗaya, ko da wasa. Don shi na baro gida nake shan hayaƙin nan. Shi ne kuma yake riƙe da Inna a tsaye. Tun rasuwar Baba ba ta da wani dalilin tashi da asuba sai shi. Ranar da ta rasa abin yi, ranar za ta kwanta, ka san haka kamar yadda na sani.

Ƙanwarka, duk da sai an zauna an zana a ƙasa kafin a gano ta inda muka haɗu,
Auta

1 ga Afrilu

Auta,

Sallama. Muna lafiya, ina fata ke ma haka. Na isar da saƙon magani. Goggo ta ce wanda ya haifi wani a cikinku shi zai ba da umarni.

Ban ce akwatinki ya fi na kowa don in yaba ba. Tambaya nake yi. Laifina ne, na kewaya da yawa. Yau zan miƙe hanya.

Na je wa mai kifi da takardar gargaɗi a hannu. Ya karanta, ya goge hannu, ya ce, "Malam mai dubawa, zo ka nuna min magudanar tawa." Muka zaga baya. Babu. A baho yake wanke-wanke, ya ɗauki ruwan ya kai fili ya watsar. Sannan ya nuna min da yatsa cewa shi yana ƙasa da inda bututun ke toshewa. Ya ce, "A ofishinku ruwa yana hawa tudu ne?" Masu sayen kifi suka kwashe da dariya. Da na koma gida na buɗe littafin bara, ga shi da hannuna: mai kifi, ba shi da magudana. Na rubuta, na manta.

Washegari na ɗauki Dogo muka bi murafan ramukan layin ɗaya bayan ɗaya, daga tudu zuwa gangare. Na farko tas. Na biyu tas. Na uku, wanda ke daidai ƙofarki, tas. Taku talatin daga nan, na huɗu, maiƙo ya fara lulluɓe bango. Na ƙirga takun sau biyu, na sa Dogo ma ya ƙirga.

Sai muka koma wurinki da la'asar, lokacin tashi, muka zauna muna kallo. Mata biyu masu taya Goggo aiki suka wanke tukwane. Da suka gama, Goggo da kanta ta sauke manyan tukwane cike da tafasasshen ruwa, ta barbaɗa garin sabulu, ta tuttula a wurin wanke-wanke ɗaya bayan ɗaya. Uku. Ɗaya daga cikin matan ta ce da biyu ne, tun da takardarki ta zo aka ce an yaba mata, ta ƙara ta ukun.

Auta, ga inda gizo ke saƙar. Ruwan zafi yana narkar da duk maiƙon da akwatin ya tare a yinin, ya kora shi waje. Ba ɓacewa yake yi ba. Tafiya yake ya yi taku talatin a cikin bututu mai sanyi, ya huce, ya daskare a can. Akwatin da ke aiki ƙazami ne. Naki wata goma ba ya riƙe komai, ni kuma wata goma ina sa hannu ina jin daɗi.

Na ce, "Goggo, wa ya koya miki wannan?" Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, ta dubi Dogo, sannan ta ce, "Kakata."

Na nemi kofin gilashi, na zuba ruwan zafi da cokali ɗaya na maiƙo, na ajiye a tebur har ya huce ya yi fari a sama, don ta gani da idonta. Ta gani. Ta ce, "Ka ɓata min kofi." Na roƙe ta, ta yarda ta daina. Kwana biyu ta daina. A na uku akwatin ya fara wari, wani mai cin abinci ya toshe hanci, shi ke nan tukwane suka koma kan wuta. Ta ce ita ba za a ce wurin 'yarta yana wari tana raye ba. Na ce bututun gari fa? Ta ce gari yana da masu albashi.

Ni ba ta jin maganata, har gobe yaron da ta saya wa takalmin makaranta take gani. Ke za ta ji taki. Ki rubuto mata a motar nan mai zuwa ta daina. In ta daina kafin ƙarshen wata, zan iya cewa maigida an gano matsala kuma an gyara, ko zai sassauta. In ba ta daina ba, sunan da zan rubuta ɗaya ne, kuma ba ni da wani.

Naki,
Akawu

27 ga Afrilu

Auta,

Sallama. Lafiya muke. Ban san taki ba, tunda ba ki ga dama kin faɗa ba.

Kwana ashirin da shida ke nan. Na je tashar motarku sau huɗu, mai gadi ya ce shi bai san komai ba. Na ɗauka fushi kike yi. Kina da damar yin fushi, amma bututu ba ya jiran mutum ya huce.

Ranar Laraba ya sake toshewa. Telan yana da ɗinkin kayan makaranta na yara arba'in, an jera a kwali a ƙasa ana jiran masu su. Ya ɗauko kwalin yadda yake, yana ɗiga, ya shigo da shi ofishinmu ya dire a kan teburin maigida. Bai yi zagi ba. Cewa kawai ya yi, "Ga aikinku." Maigida ya kira ni a gabansa ya ce, "Wata biyu kana ƙirga taku. Kana da suna ko ba ka da shi?"

Na rubuta, Auta. Na yi awa ɗaya da biro a hannu, amma na rubuta. Litinin ta sama, 5 ga Mayu, za a zo a rufe. Na je na faɗa wa Goggo da bakina don kada ta ji a bakin wani. Tana yankan albasa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "To." Ba ta ce in zauna in ci abinci ba. Tun ina ɗan shekara goma sha uku ban taɓa shiga inda take na fita ba ta ce in ci ba.

Zan bar wannan a hannun mai gadi. In ta iso ki, ta iso.

Akawu

9 ga Afrilu

Akawu,

Lafiya nake, in ban da abin da takardarka ta sa min. Ruwan sama ya cinye gadar da motarmu ke bi, direba ya ce bai san ranar da zai fita ba. Na ba shi wannan duk da haka, ya riƙe a aljihu.

Na karanta sau uku. Wato kai da hannunka za ka rubuta sunan wurin da ka ci abincinsa fiye da kowa. To, ban hana ka aikinka ba. Tela ma mutum ne, kuma ban ji daɗin abin da ya same shi ba. Na rubuta wa Inna ta daina, ga takardarta nan a ciki, ka ba ta.

Amma tsaya. Kakarta? Kakar Inna da ta rasu ba ta taɓa ganin famfo ba, ita ce ta koya mata wanke akwatin ƙarfe? Kai kuma ka yarda, har ka rubuto min?

Ina tsaye a wurin ranar da aka sa akwatin nan. Inna ta ce ita ba ta son sa, zai tara wari. Wani ma'aikaci mai hula da littafi a hammata ya ce mata kada ta damu, ta riƙa bin sa da ruwan zafi kullum in an tashi, yana kashe wari. Inna kuwa in ma'aikaci ya faɗi magana ta zauna, balle wannan ma'aikacin, da take nuna wa mutane a hanya tana cewa ita ta yi rainonsa. Ni ban san illa ba ce, ba aikina ba ne in sani.

Kai da kake rubuta har atishawarka, je ka buɗe littafinka na watan Mayun bara. In ƙarya nake yi, ka rufe wurin, ni zan aiko maka da kwaɗon.

Auta

6 ga Mayu

Auta,

Sallama, da neman afuwa kan takardata ta 27 ga Afrilu. In ta riga wannan isowa, ki hura wuta da ita. Taki ta zo min ranar Laraba, ta yi sati uku a aljihun direba, har ta ɗauki warin man mota. Kowa lafiya.

Na buɗe littafin. Na so in ce ban samu ba. Ga shi kalma da kalma:

"17 ga Mayu. An sa akwati a wurin Auta. Goggo ta yi ƙorafin wari. Na ce ta riƙa bin sa da ruwan zafi. Ta ba ni abinci, na ci."

A lokacin ba a koya mana komai ba, doka kawai aka miƙo mana aka ce mu fita. Sai a Yuli aka tara mu aka yi mana bita ta kwana biyu, kuma abu na farko da malamin ya faɗa shi ne kada a kuskura a zuba tafasasshen ruwa. Na rubuta shi, har na ja layi biyu a ƙarƙashi. Amma a littafin bita na rubuta, mai koren bango. Littafin zagaye kuwa mai baƙin bango ne. Kusan shekara guda suna kwance a kan kanta ɗaya, bango na gogar bango, ban taɓa haɗa su ba.

Na yi kwana biyu ina shawara da kaina. Ba wanda ya san da layin nan sai ni da ke da Goggo. Ba zan ɓoye miki ba, na lura cewa shafi ɗaya ne, kuma zarensa ya riga ya saki. Matata ta gan ni ina juya shi, ta ce, "In ka yage shi, gobe za ka rubuta a wani littafin cewa ka yage."

Ranar Juma'a da safe na kai wa maigida littattafan biyu, na buɗe masa kowanne a wurinsa. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Wato matar nan umarnin ofishina take bi?" Na ce e. Ya ce, "Kai ka ba ta, kai ka sa hannu sau goma, kai kuma ka kawo min sunanta?" Na ce e. Ya ce, "Da ka rufe kanka ka liƙa takardar a goshinka, da ka rage mana aiki."

Ga abin da aka yanke. Ba za a garƙame wurin ba, tunda ba a hukunta mutum don ya bi maganar ma'aikaci. An ba da gargaɗi, za a tsaya da girki kwana uku a wanke layin gaba ɗaya. Ni kuwa an sa min takarda a fayil, an cire ni daga zagaye wata uku, an tura ni ƙarƙashin Dogo. Ya riga ya ba ni takalmin roba. Ya ce tunda ina son ƙirga taku, yanzu zan ƙirga su daga ciki.

Daga ofis na wuce wurin Goggo. Na ce, "Kin san ni ne?"

Ta ce, "Tsufa na yi, ban haukace ba."

Na ce, "To me ya sa kika ce kakarki?"

Ta ce, "A gaban dogon nan? Yaron da na ciyar shekara shida, in kwance masa zani a gaban mutanensa? Kakata ta daɗe a ƙasa, ba mai korar ta daga aiki."

Na ce, "Da an rufe fa?"

Ta ce, "Da na ɗauko kujerata na zo ofishinku na zauna kullum ina kallonka har ka tuna." Sannan ta ce, "Bara ka ce zuba, bana ka ce bari. Baɗi me za ka ce? Ka faɗa min tun yanzu in shirya."

Ta turo min faranti.

Na je wa tela ma, na faɗa masa gaskiya. Ya saurare ni har ƙarshe, ya nuna min kwalin. Ni da matata muka wanke kayan arba'in, muka goge. Bakwai ba su fita ba.

Naki, da kunya,
Akawu

20 ga Mayu

Yaya Akawu,

Ina lafiya, an gyara gada. Takardunka biyu tare suka zo. Allah ya taimake ka na fara buɗe ta biyun, da yanzu ina cikin mota da muciya a hannu.

Na yafe, amma ban gama ba. Wata uku a cikin rami ba su ishe ni ba, ni ma ina da nawa hukuncin. Inna ba za ta iya durƙusawa da gwiwar nan ba, matan kuma sun ce aikinsu wanke tukwane ne. Don haka kwashe akwatin nan naka ne har in dawo. Ka rubuta wannan a duka littattafan biyu.

Na faɗa wa matan nan da suka tafa min yadda ta kaya. Sun ce in gaida ka, kuma in tambaye ka ko har yanzu ana ganin fuska a ruwan.

Auta

3 ga Yuni

Auta,

Sallama. Muna lafiya. Bayana yana ciwo, hannuwana sun yi kanta, matata ta ware min bokiti da sabulu a bakin ƙofa. Goggo ta fara shafa maganin, amma ta ce kada in faɗa miki.

Ga tsarin da muke kai yanzu. Kafin a wanke tukunya sai an goge ta da tsohuwar takarda, a jefa a shara. Ruwan wanke-wanke mai ɗumi ne kawai, wanda hannu zai iya zama a ciki. Na sa an canza robar murfin akwatin, ashe ta nan warin ke fita tun farko, abin da ya kamata in duba bara maimakon in buɗe baki. Duk Asabar da safe ina zuwa da ludayi da bokiti in kwashe. Mai kifi yana tsayawa a ƙofarsa ya ɗaga min hannu, ya ce, "Malam mai dubawa, an samu ƙarin girma!"

Jiya wadda aka ba zagayena ta zo dubawa. Ta ɗaga murfi, maiƙo ya kai kaurin yatsa huɗu, wari ya buge mu har muka ja da baya. Ta ce madalla, haka ake so, ta sa hannu. Goggo tana tsaye da gefen mayafi a hanci. Ta ce, "Shekara hamsin ina wanke-wanke, ba a taɓa yaba min don ƙazanta ba sai yau." Mun buɗe rami na huɗu ni da Dogo, bangonsa tas. Na sa shi ya leƙa shi ma, don ban yarda da idona ni kaɗai ba.

Da la'asar na leƙa kicin in yi sallama, sai na ga tukunya a kan wuta, ruwa yana tafasa, Goggo na tsaye a kanta. Na ce, "Goggo!"

Ta ce, "Shayi ne, Akawu. Zauna."

Na zauna. Ta zuba min, ta zuba wa kanta, ta zuba wa matan. Na yarda da ita, Allah ya sani. Amma akwai saura a tukunyar, don haka na sha kofi uku kafin na tashi.

Naki,
Akawu